Tukunya Mai Cibiya

Duk matar da ta taɓa girkin biki a Garwa ta san tukunya mai cibiya, ko da ba ta san wanda ya fara zuba ta ba. To, Malum Nasrullahi ne, mai rumfar kwanon nan da ke bayan kasuwa, ta wajen da ake gangarawa kogin Binuwai. In ka bi warin gawayi da ƙarar guduma ba ka ɓata ba. Za ka tarar da wani dogon tsoho mai ɗan gemu, ƙafarsa ta hagu duk tabon ƙuna, yana tattaka yashi cikin akwatin katako yana mita shi kaɗai.

Mita kam Allah ya hore masa. Kakansa bafatake ne daga ƙasar Katsina, ya biyo ayari da kanwa da baƙin saƙi, ya ga kogi ya ce shi ya iso. Ubansa ya yi cinikin gyaɗa a zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Garwa da damina. Gida ne na 'yan kasuwa kaka da kakanni, amma Nasrullahi kasuwa ta ƙi shi tun yana saurayi. An kafa masa tebur, ya kori masu saye da baki. Mace ta taya kaya, ya ce mata in ba ta da kuɗi ta je ta yi barci. Uban ya duba ya ce wannan sai dai a haɗa shi da abin da ba ya jin zagi, ya kai shi wurin wani mutumin Marwa mai zubin tukwanen dalma. Nan fa ya samu gidan zama. Da Fulatanci yake ciniki, da Hausa yake faɗa, Faransanci kuwa kalma biyu ya riƙe don masu karɓar haraji, kuma duk biyun ba na gaisuwa ba ne.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Za ka samu tukunya mai kyau, ita ake kira samfur. Ka yayyafa mata toka, ka binne ta cikin yashi mai laima a akwati mai rabi biyu, ka tattake har ya kama. Ka buɗe a hankali, ka zare ta, ka mayar da akwatin ka rufe, sai gurbinta ya rage a ciki. Ka narka dalma ka tsiyaya ta wata 'yar ƙofa, in ta huce ka fasa yashin, ga sabuwar tukunya. Abin da maigidansa ya fara koya masa shi ne yashi ba ya da kunya. Duk abin da ya gani a jikin samfur, ƙarzuwa ce ko lotsawa, shi zai mayar maka a jikin kowace tukunya da ka zuba.

Da can abin narkawa sananne ne. Fistin na tsohuwar mota, gwangwanin lemo, murfin da ya lanƙwashe, tukunyar da gindinta ya cinye har ana hango rana ta ciki. Sai shekarun nan da kan iyaka ya kama wuta, 'yan ta'addan da ba a son kiran sunansu, ana dai cewa mutanen daji, suka riƙa cin garuruwa ta ɓangaren Najeriya da namu. Garwa ba ta ji harbi ba, labari kawai take ji a rediyo da bakin direbobi. Amma a shekarun ne buhunan Mahmudu suka sake kama.

Mahmudu dillalin tsoffin ƙarafa ne, shi ke kawo wa masu zubi dalma a amalanke. Wata safiya ya zazzage buhu a gaban Malum, sai ga tukwane lafiyayyu suna gangarowa, ba huda ba tsaga. Ga ludaya, ga farantan amare masu fure, ga 'yan kwanonin yara. Wata tukunyar ma da ƙanzon tuwo a gindinta, har da sawun muciya.

Malum ya ɗaga ta ya duba. Ya ce, "Mahmudu, wace mahaukaciya ce ta sayar da wannan a matsayin bola?"

Mahmudu ya ce, "Malum, kai dalma kake saye ko labari?"

Dalma yake saye, mai araha kuwa, rabin kuɗin da ya saba. Bai ƙara tambaya ba. Amma in ya jefa irin waɗannan cikin kaskon narki, kafin su narke sai wani ƙamshi ya taso, na daddawa da kuka da man gyaɗa, ƙamshin gidan mutane da tsakar rana. Tun daga lokacin ya daina cin abinci a rumfa. Matarsa Sadiƙa ta yi ta aiko da kwano yana komawa yadda ya zo, har ta gaji ta bari.

A cikin irin waɗannan buhuna ne ta zo. Babbar tukunya ce ta taro, irin wadda mace ɗaya ke iya ɗauka a ka in ba komai a ciki. Malum ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce kai! Duk wanda ya zuba wannan ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi. Ciki a buɗe, wuya a tsuke daidai, kauri ɗaya tun daga baki har gindi. A ƙarƙashin kunnenta ɗaya akwai 'yar alama da aka buga da ƙusa, ɗigo-ɗigo, siffar ƙafar kaza, yatsa ɗaya a karkace. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tukunyar taro ba ta kwana gida, yau suna, gobe biki, jibi zaman makoki, don haka kowace mace ke yi wa tata alama, kada ta tafi aro ta ɓace a gidan mutane.

Aibinta biyu ne. Huda ɗaya a gefe, can sama kusa da wuya, ɗaya kuma a tsakiyar gindi. Malum ba yaro ba ne, kuma dalma ba ta tsatsa balle ya ɗora wa tsatsa laifi. Ya san harsashi ne ke yin huda mai gefe a lanƙwashe haka. Ya ce a ransa ai a ƙasa take ajiye, ko a jingine da bango, abin ya same ta. Ya ɗiga dalma ya toshe hudojin, ya daddake da guduma, kowanne ya bar ɗan ƙullutu kamar kan babban yatsa. Ya ƙi narka ta, ya mai da ita samfur.

Yashi kuwa ya yi aikinsa. Kowace tukunya ta fito da ƙullutun nan biyu, da ƙafar kazar a ƙarƙashin kunne. Matan Garwa, da ba a raba su da raɗa wa abu suna, suka ce ai cibiya ce. Kafin ka ce me, an ce miya ba ta kamu a cikinta. Aka ce amaryar da aka kai da ita ba ta shekara sai da goyo. Wa ya faɗa? Oho. Aka dai yi ta zuwa, daga Ngong, daga Rai, har daga Tibati masu suyar kifi ke aiko direba. Mace za ta shafa gefe, ta kifa ta shafa gindi, in ta ji cibiya biyu ta zaro kuɗi ba ciniki. Mutumin da kasuwa ta ƙi tun yana saurayi, ga shi da furfura kasuwa na binsa har rumfa. Ya rufa wa gidansa sabon kwano, ya aurar da 'ya'yansa mata da kayan ɗaki na fita kunya, ya sayi babur ɗin da bai iya hawa ba.

Wata mata ce ta ɓata masa jin daɗin, kuma ba ta san ta yi ba. Sunanta Pauline, mutuniyar dutse ce daga wajen Mokolo, tana sayar da abinci a bakin titi a Ngong inda manyan motoci ke tsayawa. Ta zo ta zaɓi tukunyarta, ta biya, ta kwance ɗankwali ta naɗa gammo.

Ta ce, "Baba, ɗora mini."

Ya kama kunne biyu ya ɗaga, ya ɗora mata. Hannunsa na dama ya sauka kan cibiyar sama. Yana gyara mata zama sai idonsa ya kai ƙasa, ya ga cibiyar gindi ta zauna a tsakiyar gammo, daidai tsakar kanta. Ya dubi ta sama, ya dubi ta ƙasa, ya ga hanyar da abin ya bi, ya ga inda ya nufa bayan ya fita. Pauline ta yi godiya da Fulatanci, ta ce, "Useko, Baba," ta juya ta tafi tana rangaji. Shi kuwa ya tsaya da hannuwa a sama har ta sha kwana.

Wayyo, daga ranar nan Malum bai sake ganin tukunyarsa a matsayin tukunya ba. Garwa kuwa gari ne da mata ke ɗaukar kaya a ka. Ya fito masallaci da azahar, ga wata ta gifta da mai cibiya a ka. Ya hau gada, ga biyu suna tahowa cikin rana, ƙarfen yana walƙiya, fuskokinsu a inuwa ba ya gane ko su wane ne. Sai ya kama ƙarfen gada har su wuce. Wani lokacin yana tsugune yana tattara yashi sai ya ji kamar an tsaya a bakin rumfa da kaya a ka ana jiran a sauke, ya ɗaga ido ba kowa, sai zafin rana kawai yana rawa a kan kwano. Ya daina ɗora wa mata tukunya. Duk wadda ta saya sai dai ta nemi wani ya ɗora mata, aka ce ai kuɗi ne suka sa masa girman kai.

Ya gwada gyara abin, kada a ce bai gwada ba. Ya sa zarto ya goge cibiyoyin a jikin waɗanda ya zuba, suka yi sumul. Mata suka shafa suka ture, suka ce wannan jabu ce, a ba su ta ainihi. Ya yi zagi, ya yi kora, tukwanen suka yi wata guda a jibge. Ga bakuna a gida, ga gawayi ya yi tsada. Ya koma zuba mai cibiya.

Sadiƙa kaɗai ya gaya wa. Ita mace ce mai magana ɗaya, ba ta son dogon zance. Ta ce, "Malum, kai ka harba? In mai ita ta mutu, Allah ya jiƙanta. In tana raye, Allah ya mayar mata da alheri. Ka ci tuwonka." Haka ta faɗa. Amma washegari ya ga ta sauko da tsohuwar tukunyar ƙasa daga kan rumbu ta wanke, mai cibiyar da take girki da ita kuwa bai sake ganinta a gidan ba, kuma bai tambaya ba.

Ana nan sai aka ji a rediyo wai manyan ƙasashen biyu sun zauna, sun ce yaƙin nan ba a daji kaɗai ake yinsa ba. Abin da aka kwashe a garin da aka ƙone, shanu ne, kwanon rufi ne, injin niƙa ne, ƙetare iyaka yake yi a sayar, kuɗin ya koma man fetur da harsashi, saura a ɓoye shi da sunan wasu a wata ƙasa. Aka ce za a bi sawun kayan har inda suka kwana. Aka haɗa tawaga, mutanenmu da na Najeriya, suna bin kasuwanni. Wani lokacin sukan taho da 'yan gudun hijira, ko wani zai gane kayansa.

Mutanen bayan kasuwa suka yi dariya, suka ce a bi sawun dalma? Dariyar ba ta daɗe ba. Wata Talata aka garƙame wa shagon Mahmudu kwaɗo, aka saka shi a mota aka yi Marwa da shi don tambayoyi. Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru.

Sadiƙa ta zo rumfar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wuta na ci, kasko na kai. Fasa ta ka jefa, dalma in ta narke ba ta da baki."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. In aka samu tukunyar nan a hannunsa, rumfa ta rufe, shi kuma da tsufansa sai bayan mota. Ya ɗauko samfur ɗin ya kifa a ƙasa, don ta fi ƙarfin bakin kasko sai an farfasa. Ya ɗaga babbar guduma. Ga gindin tukunya a sama, zagaye, baƙi, da cibiya a tsakiya. Hannunsa ya tsaya. Mutumin da ya farfasa tukwane sun fi a ƙirga, yau ya ji kamar kan mutum aka ce ya buga. Ya ajiye guduma, ya tona tarin yashin da ke kusurwa ya binne ta, ya ce wa Sadiƙa ta koma gida.

Da hantsi suka zo, ranar da ba ta kasuwa ba. Jandarma ɗaya ya samu inuwa ya zauna. Wani mai babbar riga daga ɓangaren Najeriya ya yi sallama ya tsaya daga waje saboda hayaƙi. Wadda ta shigo ta yi magana wata ce Madam Yvette, ma'aikaciyar tawagar, mai Hausar kasuwa. A bayanta akwai wata mata siririya, zaninta ya koɗe, ta rungumo tukunya mai cibiya sabuwa.

Madam Yvette ta ce, "Baba, sannu da aiki. Wannan sunanta Rifkatu, daga duwatsun bayan Gwoza take, yaƙi ya koro ta. Ta je ƙwadagon girbin masara a Ngong, ta ga wannan a wurin wata mai abinci, aka ce mata kai ka yi. Tana da tambaya. Ni na ce mata kada ta sa rai da yawa, amma ka ji ta."

Malum ya shirya ƙaryarsa tun ranar da aka tafi da Mahmudu. In an ce ina ya samu samfur, zai ce gadon maigidansa ne, ya kuma tsufa an narka. Ya gyara tsayuwa yana jira.

Matar ta durƙusa ta gaishe shi. Ta juya tukunyar, ta sa yatsa a ƙarƙashin kunne. Ta ce, "Baba, ni ba kaya na zo nema ba. Yarinyar da ke buga maka wannan alama nake so ka nuna mini."

Ya ce, "Wace yarinya, baiwar Allah?"

Ta ce, "Tabita. 'Yata ce. Hannunta ne wannan, ko cikin duhu na shafa na sani. Tun tana ƙarama ta ɗauki ƙusa da dutse ta buga wa tukunyata ƙafar kaza, ta karkace yatsa ɗaya, har na doke ta a kan ta ɓata mini kaya. Ranar da suka shigo mana, na aike ta karɓo tukunyar daga gidan biki. Na hango ta tana hawan dutse da gudu, tukunyar a kanta. Na yi ta ihu ta yar, ta yar, ta ƙi, don ta san ba mu da wata. Ganina da ita ke nan." Ta share fuska da gefen zane, muryarta ba ta rawa. "Na gani a Ngong, na gani a wurin masu ƙosai a nan garin, na gani a gidan limamin coci, duk alama ɗaya. Na ce yarinyar nan wayo gare ta. Wani ya aure ta ko ya saye ta, ba ta da halin fita, shi ne take buga wa tukwane alama su bazu, ko ɗaya za ta iske ni. To ga shi ta iske ni. In matarka ce, Baba, ba zan raba ku ba. In tana da 'ya'ya ma ina murna. In gan ta kawai."

Malum ya ji ƙaryar da ya shirya tana nan a bakinsa, lafiya lau, kuma za ta yi aiki. Zai iya cewa bai san kowace yarinya ba, alamar ado ce ya ƙirƙira. Za su gode masa su tafi, rumfarsa a buɗe. Matar nan kuwa ba za ta yarda ba. Za ta zauna a Garwa tana bin famfo-famfo da layin asibiti tana leƙen fuskar kowace matar aure, duk inda ta juya ga tukunya na gaya mata 'yarta na kusa. Shi ya zuba su, ya san yawansu. Ba za su ƙare ba kafin ita ta ƙare.

Ya ce, "Miƙo tukunyar nan, Mama."

Ya baje yashi mai laima a ƙasa, ya danna gefen tukunyar a kai, ya ɗaga. Ga ƙafar kaza ta fito a yashin, da yatsanta a karkace. Ya ce, "Kin gani? Ba hannu ke bugawa ba. Sau ɗaya aka buga, a jikin tukunya ɗaya. Sauran duk yashi ne ya kwaikwaya." Ta dube shi ba ta gane ba, ko kuma ta ƙi ganewa. Sai ya tafi kusurwa ya durƙusa ya fara tono da hannu. Mai babbar riga ya matso cikin hayaƙin.

Da ya zaro ta ya kakkaɓe, Rifkatu ba ta yi kuka ba. Ta karɓa ta ajiye a gabanta, ta shafa baki, ta shafa kunnen da ya ɗan lanƙwashe. Ta ce, "Mijina ne ya taka nan da dare." Ta shafa ƙafar kazar. Sannan yatsanta ya kai kan ƙullutun gefe ya tsaya.

Ta ce, "Tawa ba ta da wannan."

Ya ce, "Ni na toshe. A huje ta zo mini, cikin buhun ƙarafa."

Ta kifa ta, ta ga na gindin. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kwance ɗankwalinta, ta naɗa gammo, ta ɗora a ka, ta gyara tsayuwa.

Ta ce, "Ɗora mini, Baba."

Ya ce, "Mama, ki bari."

Ta ce, "Ɗora mini."

Shekaru ke nan bai ɗora wa kowa ba. Ya kama kunne biyu, ya ɗaga ya ɗora mata. Ta kai hannu sama ta lalubo cibiyar gefe. Ɗaya hannun ta cusa tsakanin gammo da gindin tukunyar, har ta taɓo ta ƙasan, ta kuma taɓo kanta. Ta tsaya haka, idonta a buɗe, tana kallon wani wuri da ba cikin rumfar ba. Jandarman ma ya miƙe daga inuwarsa.

Ta sauke da kanta, a hankali, ba ta bari ta taɓa ƙasa ba. Ta kwance mayafinta, ta sunkuya, ta ɗora tukunyar a baya, ta ja mayafin ta ɗaure a ƙirji, ta kai hannu baya ta tallafe gindin kamar yadda ake yi wa jariri. Mai babbar riga ya ce a hankali ai tukunyar shaida ce, ya kamata ta zauna a hannun tawaga. Madam Yvette ta dube shi, ya haƙura, ya ɗauki hoto da wayarsa daga baya. Rifkatu ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka." Ta fita cikin rana da goyonta, mutanen kasuwa suna darewa suna ba ta hanya.

Shi kuwa an garƙame rumfar, an tafi da shi, kamar yadda Sadiƙa ta faɗa. Ba a taɓa lafiyarsa ba. An yi ta tambayarsa buhuna daga ina, a wace mota, wa ke karɓar kuɗi bayan Mahmudu, ya faɗi iya abin da ya sani. Ya ji an ce sawun ya kai su wani sito a kan iyaka, daga nan kuma ga wani mutum da ke zaune a wata ƙasa. Ko an kama shi, ko an ƙwato wani abu, Malum bai sani ba. Damina ta wuce kafin a sake shi a cire kwaɗon. Ya dawo ya rame, mitar ma ta ragu, babur ɗin an sayar an ci abinci.

Ya samo wani samfur, sumul, ba cibiya ba alama, da shi yake zubi har yau. Masu saye kaɗan ne. Abin da bai yi tunani ba shi ne, duk tukunyar da ya taɓa zubawa ita ma tana iya zama samfur. Yana tsare, masu zubin da ke maƙwabtaka da shi suka sayi nasa suka binne a yashi. Yanzu rumfa uku ke yin mai cibiya a layinsu, an ce har a Marwa ana yi. Ƙafar kazar tana dusashewa daga zubi zuwa zubi, amma cibiyoyin suna nan daram, don su mata ke shafawa. Ya je ya gaya musu ko mene ne, da faɗa da lallashi. Suka ce Malum baƙin ciki yake yi don kasuwa ta bar shi.

Haka yake zaune a bakin rumfarsa. Mace za ta zo ta tambayi mai cibiya, ya ce ba ya yi. Ta shiga gaba ta sayo, ta fito tana waige-waigen wanda zai taimaka mata, ta ga tsoho a zaune, ta naɗa gammo ta ce, "Baba, ɗora mini." Yanzu ba ya ƙi. Yakan tashi, ya yi bismillah, ya kama kunne biyu ya ɗora mata, ya gyara mata zama. Sai ya riƙe tukunyar bai saki ba, ya dubi fuskarta.

Ya ce, "'Yata, in wani abu ya taso a hanya, ki yar da ita ki gudu. Kin ji ko? Tukunya ce kawai."

Sukan yi dariya, su ce to Baba, sun ji. Wasu su ce tsufa ya fara taɓa Malum. Shi dai ba ya sakin kunnen tukunyar sai an amsa masa.